'Yan Mormon a Bakin Jama'a

 

Yau za mu tsallaka teku mu leƙa Amurka, mu duba wata al'umma da ambaton sunanta kaɗai kan raba majalisa gida biyu, wato 'yan Mormon. Su dai sun fi son a kira su da cikakken sunansu, Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe, kuma tun 2018 shugabanninsu suka roƙi 'yan jarida su daina cewa Mormon. To amma sunan ya riga ya bi baki, da shi duniya ta san su, kuma da shi za mu yi amfani don taƙaitawa, ba don raini ba.

A watan Maris na 2023 cibiyar Pew mai auna ra'ayin jama'a ta fitar da sakamakon wata tambaya da ta yi wa Amurkawa a kan yadda suke kallon mabiya addinai daban-daban. Da aka zo kan 'yan Mormon, kashi 15 cikin ɗari ne kawai suka ce suna yi musu kallon alheri. Kashi 25 suka ce ba sa ra'ayinsu. Sauran, kusan kashi 60, suka ce ko dai ba ruwansu, ko kuma ba su san su ba balle su yanke hukunci. Hatta Musulmi da waɗanda ba su yarda akwai Allah ba, waɗanda aka san ba su cika samun yabo a irin wannan ƙidaya ba, sun ɗan ɗara su. Amma da aka juya aka tambayi 'yan Mormon ɗin yadda suke kallon sauran jama'a, sai aka tarar babu wanda suka fi ƙi a kan so. Kusan rabinsu suka ce suna ganin Musulmi da mutunci, abin da babu wani rukuni na Kiristocin ƙasar da ya yi kusa da shi.

Abin mamakin shi ne addinin nan ɗan gida ne. A jihar New York aka kafa shi ranar 6 ga Afrilu 1830, bai shigo Amurka a jirgin ruwa ba. Yau yana ikirarin mabiya sama da miliyan 17, fiye da rabinsu a wajen Amurka. Ya fitar da gwamnoni da sanatoci da attajirai irin iyalan Marriott masu manyan otal-otal. Kusan shekara ɗari biyu ke nan, amma 'yan ƙasarsu ba su gama yanke shawara a kansu ba. A ganina dalilin shi ne ba rigima ɗaya ake yi da su ba, rigingimu ne masu yawa aka haɗe wuri guda, kuma laifin da ake ɗora musu yana sauyawa gwargwadon abin da Amurka take tsoro a kowane zamani.

Rigimar da ba ta taɓa sauyawa ba ita ce ta aƙida. Joseph Smith, ɗan manomi da aka haifa a 1805, ya ce yana ɗan shekara 14 Uba da Ɗa suka bayyana gare shi a cikin kurmi, suka faɗa masa kada ya shiga ko ɗaya daga cikin coci-cocin da ke akwai. Daga baya ya ce wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa wasu allunan zinariya da aka binne a wani tsauni, ya fassara su, mala'ikan ya karɓe abinsa. Fassarar ita ce Littafin Mormon, wanda ya ba da labarin wasu mutane da suka bar Urushalima wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu suka sauka a nahiyar Amurka, har Almasihu ya ziyarci zuriyarsu bayan tashinsa. Mutum goma sha ɗaya sun sa hannu cewa sun ga allunan. Masana tarihi da masu tonon kayan tarihi da ke wajen cocin ba su sami abin da ya tabbatar da labarin ba, binciken ƙwayoyin gado kuma ya nuna cewa asalin 'yan asalin Amurka daga Asiya yake.

'Yan Mormon suna cewa su Kiristoci ne, sunan Yesu ma yana cikin sunan cocinsu. Manyan ɗarikun Kirista kuwa suna cewa a'a. Hujjarsu ita ce 'yan Mormon ba su yarda da Triniti yadda Katolika da Furotesta suka yarda da shi ba. Sun ɗauki Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a matsayin uku mabambanta, sun ce Uban yana da jiki na nama da ƙashi, sun ce mutumin kirki zai iya ɗaukaka a lahira har ya zama kamar shi. Sun ƙara wasu littattafai a kan Littafi Mai Tsarki, kuma shugaban cocinsu na kowane zamani annabi ne a wurinsu, mai karɓar wahayi. A 2001 fadar Vatican ta yanke cewa baftismar da suke yi ba ta inganta ba. Shi kuwa Musulmi mai saurarona ba ya buƙatar in faɗa masa matsayinsa a kan duk wanda ya yi da'awar annabci bayan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wannan saɓani ne na gaskiya, kowa ya san inda ya tsaya, kuma ba na jin akwai taron tattaunawar addinai da zai share shi.

Sai dai aƙida kaɗai ba ta isa ta sa gwamna ya ba da umarnin kashe mutane ba. A jihar Missouri 'yan Mormon sun riƙa tururuwa wuri guda, suna sayen filaye, suna ciniki a tsakaninsu, suna jefa ƙuri'a baki ɗaya. Mazauna wurin suka ga za a mamaye su. Aka yi ta artabu, kowane ɓangare da nasa ɗaukar makamin, har ranar 27 ga Oktoba 1838 Gwamna Lilburn Boggs ya sa hannu a takardar da ta ce a kore su daga jihar ko a hallaka su. Kwana uku bayan haka aka kashe mutum 17 a wani ƙauyensu da ake kira Haun's Mill. Takardar nan ba a soke ta a hukumance ba sai 1976.

Suka koma Illinois suka gina birnin Nauvoo, inda Smith ya zama shugaban addini, magajin gari, kwamandan rundunar birni, har ɗan takarar shugaban ƙasa a 1844. Wasu da suka ɓalle daga cocin suka buga jarida suka tona cewa yana auren mata da yawa a ɓoye. Fitowa ɗaya jaridar ta yi, majalisar birni ta sa aka farfasa injin buga ta. A kan haka aka tsare shi a gidan yarin Carthage. Da yammacin 27 ga Yuni 1844 wani gungun mutane da suka shafa baƙi a fuska suka haura matakala zuwa ɗakin bene inda yake tare da wansa Hyrum da abokai biyu. Na ciki suka danne ƙofa da kafaɗa, harsashi ya huda katakon ya sami Hyrum a fuska. Joseph yana da ƙaramar bindiga da aka shigar masa a ɓoye, ya harba ta ta bakin ƙofa, sannan ya nufi taga. A nan aka harbe shi ya faɗo ƙasa, yana da shekara 38. Ɗan Mormon in zai ba ka labarin nan, shahadar annabi zai ba ka. Mai sukarsu kuma daga injin jaridar da aka farfasa zai fara, ya ƙare da bindigar da ke hannun Smith. Duka abubuwan sun faru.

Brigham Young, wanda ya gaji Smith, ya ja ragowar zuwa yamma, suka isa kwarin Salt Lake da ke jihar Utah ta yau a Yulin 1847, lokacin yankin yana hannun Meziko. Kada kuma a ɗauka kullum su ne abin tausayi. A Satumban 1857, a wani wuri da ake kira Mountain Meadows, mayaƙan Mormon suka yaudari wani ayarin matafiya da alkawarin aminci, suka karɓe makamansu, suka kashe mutum kusan 120, ƙananan yara kaɗai suka bari. Mutum ɗaya tak, John D. Lee, aka yanke wa hukuncin kisa, shi ma sai bayan shekara ashirin.

Yanzu ga inda nake so mai sauraro ya kasa kunne da kyau, domin maganar ta taɓo mu. A 1852 cocin ya fito fili ya ce auren mace fiye da ɗaya umarnin Allah ne. Amurka ta tashi tsaye. A 1856 sabuwar jam'iyyar Republican ta sa shi a layi ɗaya da bauta, ta ce su ne ragowar dabbanci biyu da dole a kawar. Masu wa'azi da marubuta suka riƙa kwatanta Smith da Annabin Musulunci, suna kiran Utah ƙasar Turkawa, ba don sun san Musulunci ba, sai don a wurinsu babu zagin da ya fi wannan zafi. Da shari'ar George Reynolds, sakataren Brigham Young, ta kai Kotun Ƙoli a 1879, alƙalan suka ce tsarin mulki ya kare imanin mutum amma bai kare duk aikin da imanin ya sa shi ba. Suka kuma ƙara da cewa auren mata da yawa ɗabi'a ce ta mutanen Asiya da Afirka, Turawa sun daɗe suna ƙyamarta. Wato laifin 'yan Mormon a idon kotun har da cewa fararen fata ne da suka zaɓi su yi zama irin namu.

Gwamnati ta matsa, aka ɗaure magidanta sama da dubu, aka fara ƙwace kadarorin coci da dokar 1887. A 1890 shugabansu Wilford Woodruff ya ba da sanarwar dakatar da irin wannan aure, bayan shekara shida Utah ta zama jiha. Mabiya suka ce wahayi ne, masu suka suka ce wuya ce ta yi wuya. Yau duk ɗan cocin da ya ƙara aure da matarsa a raye, korarsa ake yi. Masu yin haka ƙungiyoyi ne da suka ɓalle tun tuni, irin ta Warren Jeffs, wanda kotun Texas ta yi wa ɗaurin rai da rai a 2011 saboda lalata da ƙananan yara mata da sunan aure. Amma har gobe in ka ce Mormon a gaban Ba'amurke, mata da yawa ne zai fara faɗo masa a rai. Wannan kam rashin sani ne. Sai dai cocin ma yana da nasa kason, don sai a 2014 ya wallafa a fili cewa matan Joseph Smith sun kai talatin zuwa arba'in, cikinsu da 'yar shekara 14 da kuma matan da ke da mazajensu. Mabiya da yawa da suka tashi suna jin sunan matarsa ta farko Emma kaɗai, a lokacin suka fara ji daga bakin cocinsu.

Da suka bar wancan aure sai suka rungumi Amurka hannu bibbiyu. Mutanen da aka kira 'yan tawaye a ƙarni na 19 suka zama abin misali na kishin ƙasa da riƙon iyali, kuma akasarinsu suka koma jam'iyyar Republican ɗin da ta fara yaƙarsu. Duk da haka, a 1967 lokacin da George Romney, wanda ɗan Mormon ne, ke neman takarar shugaban ƙasa, cibiyar Gallup ta sami kashi 17 na Amurkawa da suka ce ba za su zaɓi ɗan Mormon shugaban ƙasa ba. A 2012 da ɗansa Mitt Romney ya tsaya, kashi 18 ne. Shekara 45 ba abin da ya motsa. A 2011 wani babban fasto na Baptist daga Dallas, Robert Jeffress, ya kira addinin ƙungiyar ɓata a bainar jama'a. Da Romney ya ci tikitin jam'iyya ya rage shi da Obama, sai ga faston nan yana mara masa baya. Ƙungiyar shahararren mai wa'azin nan Billy Graham ma, bayan ganawarsa da Romney a Oktoban 2012, ta cire sunan Mormon daga jerin ƙungiyoyin ɓata da ke shafinta. Aƙidar ba ta canza ba ko da harafi ɗaya, zaɓe ne ya matso. Mu da muka saba ganin yadda fatawa ke laushi in kakar siyasa ta kama, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Daga ɗaya ɓangaren kuma masu sassaucin ra'ayi suna da tasu ƙorafin. Ba su manta da kuɗi da ƙarfin da 'yan cocin suka zuba a Kalifoniya a 2008 don hana auren jinsi ba, kuma suna sukar hana mata muƙamin limanci. Wato masu ra'ayin riƙau na ganin ba su cika Kiristoci ba, masu sassauci na ganin sun cika riƙau.

Wanda ya zauna da su kuwa, labarinsa daban ne. Ba sa shan giya, ba sa shan taba, ba sa shan kofi ko ganyen shayi. Ranar Lahadin farko ta kowane wata suna barin cin abinci sau biyu, su ba da kuɗin don mabukata. Limamin unguwa, wanda suke kira bishop, ba albashi yake karɓa ba, wataƙila likitan haƙori ne ko malamin makaranta da ke yin hidimar bayan ya tashi daga aiki. A Salt Lake suna da kantin da za ka shiga ka ga gari da madara da gwangwanaye jere a kan kanta, amma babu wurin biyan kuɗi, takardar bishop kawai mabukaci zai nuna ya ɗebi abin da aka rubuta masa. Samarinsu kan bar gida shekara biyu, 'yan mata wata 18, yawanci da kuɗin iyayensu, su tafi inda aka tura su wa'azi. Su ne waɗannan da ake gani bibbiyu da farar riga da ɗan baƙin allon suna a ƙirji. Wasu na ganin naci ne da ƙwanƙwasa ƙofar mutane ba gayyata, wasu na ganin tarbiyya.

Da Musulmi kuma suna da wata alaƙa da ba kowa ya sani ba. Jami'arsu ta Brigham Young ce ta buga fassarar Turanci ta Tahafutul Falasifa na Imam Gazali tare da matanin Larabcinsa. A Disamban 2015, da Donald Trump ya yi kiran a hana Musulmi shiga Amurka, cocin ya fitar da sanarwar kare 'yancin addini, gwamnan Utah na lokacin kuma, Gary Herbert, ya ƙi bin sahun takwarorinsa na Republican da suka ce ba sa son 'yan gudun hijirar Siriya. Jikokin waɗanda aka kora daga Missouri ba su manta ba.

To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma suka mafi nauyi daga waɗanda suka tashi a cikin cocin take fitowa. Kowane mabiyi ana son ya ba da kashi ɗaya cikin goma na abin da yake samu, kuma wanda bai bayar ba ba zai sami takardar shiga haikali ba, inda ake ɗaura auren da suka yi imani zai ɗore har lahira. A 2019 wani tsohon ma'aikacin Ensign Peak, kamfanin da ke juya dukiyar cocin, ya kai ƙara cewa an tara abin da ya kai dala biliyan 100. A Fabrairun 2023 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci cocin da kamfanin tarar dala miliyan 5, saboda sun yi amfani da kamfanonin bogi 13 wajen ɓoye girman jarin. Cocin ya ce tanadi ne don ranar wuya. Ni dai a nan ina tare da masu tambaya: in har bazawara mai sayar da kayan miya za ta cire ushirinta, tana da haƙƙin ta san nawa ke cikin asusun. Yahudawa ma sun sha kokawa da al'adar cocin ta yi wa matattu baftisma a madadinsu, bayan an gano sunayen waɗanda Nazi suka kashe a cikin rajistar, duk da yarjejeniyar da aka yi a 1995 cewa za a daina.

Sai maganar da ta fi kusa da mu. A zamanin Joseph Smith an naɗa baƙar fata limanci, akwai wani mai suna Elijah Abel. Amma daga 1852 Brigham Young ya rufe ƙofar, aka hana duk mai jinin Afirka limanci da ibadun haikali, malamansu suka yi ta kawo bayanin la'anar Kayinu. Mutanen da kotu ta zarga da kama da 'yan Afirka, su ne suka shafe shekara 126 suna nisanta kansu da 'yan Afirka. Duk da haka, tun shekarun 1950 da 1960 wasu a kudu maso gabashin Najeriya da kuma Ghana suka ci karo da littattafan cocin, suka kafa majami'u da sunansa ba tare da ko mai wa'azi ɗaya ba, suna ta aika wasiƙu Salt Lake a zo a yi musu baftisma. Gwamnatin Najeriya ta lokacin, da ta ji matsayin cocin a kan baƙar fata, ta hana masu wa'azinsa biza. Wani malamin makaranta, Anthony Obinna, ya yi shekaru yana jira, haka Joseph William Billy Johnson a Cape Coast. A Yunin 1978 shugaban cocin Spencer Kimball ya ce wahayi ya sauka an ɗage hanin, kafin shekarar ta ƙare aka yi wa mutanen nan biyu baftisma.

Zargi bai ƙare nan ba. Ranar 14 ga Yuni 1989 gwamnatin Jerry Rawlings ta Ghana ta sanar a rediyo cewa ta dakatar da ayyukan 'yan Mormon da Shaidun Jehobah, ta kori masu wa'azi 'yan ƙasashen waje, aka garƙame majami'u. A gari ana ta raɗe-raɗin cewa 'yan leƙen asirin Amurka ne. Shekara ɗaya da rabi mabiya suna ibada a ɗakunansu, sai ƙarshen 1990 aka buɗe. Yau ga haikalinsu a Accra tun 2004, ga wani a Aba tun 2005, kuma Afirka na cikin wuraren da cocin ya fi saurin yaɗuwa.

A 2013 cocin ya fitar da bayani ya yi watsi da duk koyarwar da ta ce baƙar fata alamar la'ana ce. Wasu mabiyansa 'yan Afirka sun ce wannan ya wadatar, su gaba suke kallo. Wasu, musamman baƙaƙen Amurka, suna cewa watsi da bayani daban, neman gafara daban, kuma har yau ba a nemi gafarar ba. Dallin Oaks ya taɓa faɗa wa 'yan jarida a 2015 cewa ba al'adar cocin ba ce ya nemi a ba shi haƙuri ko ya ba wani. Shi ne ya zama shugaban cocin a Oktoban 2025, bayan rasuwar Russell Nelson yana da shekara 101. An sami 'yan Kenya da Zimbabuwe da Najeriya a manyan muƙamai na ƙasa da haka, amma har zuwa ƙarshen 2025 babu baƙar fata ko ɗaya da ya taɓa zama a majalisar manzanni goma sha biyu, wadda daga cikinta shugaban cocin ke fitowa.